Khalid ɗan Walid: da gaske ba a taɓa cin sa da yaƙi ba, kuma me ya haɗa shi da Umar?

Tambaya: Ana yawan cewa Khalid ɗan Walid (R.A) ya halarci yaƙi ɗari ba a taɓa cin sa ba ko sau ɗaya. Haka ne? In haka ne, da me ya fi sauran sarakunan yaƙi, kuma me ya sa Sayyidina Umar (R.A) ya sauke shi yana tsakar cin nasara?

Amsa: Maganar tana da gaskiya a cikinta, amma tana son tacewa. In ana nufin babu wani babban yaƙi da Khalid ya shugabanta aka tarwatsa rundunarsa, to haka ne. In kuwa ana nufin duk inda ya sa ƙafa sai an ci gari, wannan ƙari ne irin na masu ba da labari. A yaƙin Handaƙ, kafin ya musulunta, yana cikin baraden Ƙuraishawa da suka yi ta kewaya gwalalo har suka koma Makka hannu rabbana. A Hunaini shi ne a goshin runduna tare da Banu Sulaim, Hawazinawa suka yi musu kwanton ɓauna a cikin kwari, goshin ya watse, shi kansa ya sha rauni. A Mu'uta janyewa ya yi. Shi kuma ɗarin nan daga maganar da aka ruwaito ya yi a gadon ajalinsa aka samo shi, kuma lissafin ba ya cika sai an haɗa da ƙananan hare-hare.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne sanin doki, sanin ruwa, da saurin yanke shawara. Na farkon gadon gida ne. Shi ɗan Banu Makhzum ne, kuma a rabon muƙaman Ƙuraishawa kafin Musulunci gidansu ke riƙe da tantin da ake tara kayan yaƙi da kuma linzamin barade. A yaƙin Larabawan wancan zamani doki abu ne mai tsada da ƙaranci. Raƙumi ake hawa a yi tafiya, a ja doki a gefe ba kowa a kansa, sai an zo fagen fama a hau shi da sauran ƙarfinsa. Wanda ya san lokacin da zai saki baradensa, da lokacin da zai riƙe su ko da dakaru suna shan wuya, shi ke da yaƙin.

Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira (625), ita ta fara nuna wannan, lokacin yana tare da mushirikai. Ƙuraishawa sun zo da mutum 3,000 da dawaki 200, Musulmi kuwa wajen 700. Khalid na riƙe da baraden dama, Ikrima ɗan Abu Jahal na hagu. Annabi (S.A.W) ya jingina bayan rundunarsa da dutsen Uhudu, ya ɗora maharba 50 a kan wani ɗan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair don toshe kafar da doki zai iya bi ya zagayo. Doki ba ya fuskantar ruwan kibau, saboda haka muddin maharban na wurin, dawaki 200 ɗin nan ba su da amfani. Dakarun Ƙuraishawa suka karye suka fara gudu, amma Khalid bai bi su ba, bai kuma jefa baradensa cikin rububin ba. Ya tsaya yana kallon tudun. Da mafi yawan maharban suka sauka kwasar ganima, ya zagayo, ya kashe 'yan kaɗan da suka rage tare da shugabansu, ya faɗa wa Musulmi ta ƙeya. Sahabbai wajen 70 suka yi shahada ran nan.

Ya musulunta a watan Safar na shekara ta 8, ya iso Madina tare da Amru ɗan Asi da Usman ɗan Ɗalha. Bayan wata uku sai ga Mu'uta, a kudancin ƙasar Jodan ta yau. Musulmi 3,000 suka tarar da Rumawa da Larabawan da ke musu biyayya sun ninka su nesa ba kusa ba. Shugabanni uku da Annabi ya naɗa, Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, tuta ta dawo hannun mutumin da ko wata huɗu bai yi da shiga addinin ba. Buhari ya ruwaito shi yana cewa takuba tara ne suka karye a hannunsa ran nan. Sai dai ba takuban ne suka ceci rundunar ba. Janyewa a gaban maƙiyi mai dawaki shi ne aiki mafi hatsari a yaƙi, domin da zarar sahu ya juya baya sai janyewa ta zama gudu, kuma a wajen gudu ake kashe mafi yawan mutane. Masu tarihin yaƙoƙin Annabi sun ce da dare ya yi sai ya sauya tsarin rundunar, na dama suka koma hagu, na baya suka dawo gaba. Da gari ya waye Rumawa suka ga fuskoki da tutocin da ba su gani jiya ba, suka zaci ɗauki ya iso. Ya riƙa ja da baya sannu a hankali cikin sahu, su kuma suka ƙi bin sa cikin hamada don tsoron tarko. Mutanen Madina ba su gane ba da farko, har suka tarye su da watsa ƙasa suna ce musu magudana, sai da Annabi ya gyara musu magana. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A dalilin wannan yaƙin ya sami laƙabin Saifullahi, takobin Allah.

Yaƙin da ya fi kusa da kuɓuce masa shi ne na Yamama, a yaƙoƙin ridda zamanin Sayyidina Abubakar. Ikrima, wanda shi ma ya musulunta a lokacin, ya riga ya yi gaggawar afka wa Musailama mai da'awar annabta kafin gudunmawa ta iso, ya sha kashi. Khalid ya zo bayan ya gama da Ɗulaiha, wani mai da'awar annabta shi ma, a Buzakha, aka ja daga a Aƙraba. Karon farko Banu Hanifa, mutanen Musailama, suka ture Musulmi har suka shiga tantin Khalid kansa. Matsalar ita ce rundunar gauraye take, mutanen Madina da Larabawan ƙauye kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifin karyewar sahu. Maganin da ya yi mai sauƙi ne: ya ce a rarrabu, Muhajirai ƙarƙashin tutarsu, Ansaru ƙarƙashin tasu, kowace ƙabila daban, don a ga ta inda ɓaraka ke shigowa. Balaraben wancan zamani zai iya gudu cikin baƙi, amma ba zai gudu a gaban 'yan'uwan babansa ba. Sahu ya tsaya. Banu Hanifa suka shige wata gona mai katanga suka kulle, Bara'u ɗan Malik ya sa aka ɗaga shi aka jefa ta kan katangar ya buɗe ƙofa, Wahshi ya kashe Musailama da mashin nan nasa. An ruwaito Musulmi wajen 1,200 sun kwanta dama, cikinsu har da Zaidu ɗan Haɗɗabi ɗan'uwan Umar, da mahaddata masu yawa, wanda shi ne dalilin da Umar ya ba Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya. A nan ma an taɓa yi wa Khalid wayo: fursunansa Mujja'a ɗan Murara ya sa mata suka sa sulke suka jeru a kan ganuwa, Khalid ya zaci sauran mayaƙa ne, ya yi sulhu da sauƙi. Da ya gano, bai warware alkawarin ba.

A Iraƙi, cikin shekara ta 12 (633), ya yi aiki da Musanna ɗan Harisa na Banu Shaiban, wanda ya daɗe yana kai wa iyakar Farisa hari. Da ɗan gari akan ci gari. Tsarinsa a nan shi ne kada ya rabu da bakin hamada. Sojan Farisa mai nauyi ne, da sulke da kaya, ba ya iya nisa da kogi. Khalid kuwa hamada na bayansa, in abu ya ɓaci ya shige, in ya ga dama ya ɓullo ta wani wuri. A Walaja ya ɓoye ƙungiyoyin barade biyu tun kafin a fara, ya bar dakaru suka yi ta gumurzu har ɓangarorin biyu suka gaji, sannan na ɓoye suka fito ta bayan Farisawa aka yi musu zobe. Hatsarin wannan dabara shi ne lokaci: in sun fito da wuri maƙiyi na da sauran ƙarfin juyowa, in sun makara sahun gaba ya riga ya karye. A Anbar, da gwalalo ya tare shi, ya sa aka yanka raunanan raƙuma aka cika wurin da ya fi ƙunci aka taka aka haye. Hira ta miƙa wuya bisa jiziya. A lura dai, yawancin filla-fillar yaƙoƙin Iraƙi ta hanyar Saifu ɗan Umar suka zo, mutumin da malaman hadisi suka raunana, don haka adadin da ake kawowa a nan a riƙe shi da sassauci.

Sai tafiyar da ta fi kowace shahara. A shekara ta 13 (634) Abubakar ya umarce shi ya bar Musanna a Iraƙi ya kai ɗauki Sham. Hanyar da ke bin kogin Furatu cike take da sansanonin Rumawa. Ya zaɓi ya ratsa daga Ƙuraƙir zuwa Suwa, kwana biyar babu rijiya. Jagoransa Rafi'u ɗan Umaira, mutumin ƙabilar Ɗayyi, ya gaya masa ko mahayi ɗaya tsoron wannan hanyar yake, balle mai ja da dawaki. Mutane ba su ne matsalar ba, kowa zai ɗaura salkarsa a raƙuminsa. Dawaki ne matsalar. Ga yadda Ɗabari ya kawo dabarar: aka zaɓi manyan raƙuma 20 masu ƙiba, aka hana su ruwa har ƙishirwa ta kai musu iyaka, aka shayar da su, aka sake shayar da su har suka cika, sannan aka ɗaure bakunansu don kada su yi tuƙa su ɓata ruwan da ke tumbinsu. A kowane zango a yanka huɗu, a tatse ruwan tumbin a ba dawaki. Huɗu sau biyar, ashirin. A rana ta ƙarshe Rafi'u, wanda ciwon ido ya kama har ba ya gani sosai, ya ce a duba wani ɗan icen ƙaya mai tsayin mutum a zaune. Aka ce babu. Ya ce to kun halaka, ni ma na halaka, ku sake dubawa. Sai aka tarar an sare icen, saura kututture. Aka haƙa gindinsa, ruwa ya ɓullo. Rafi'u ya ce sau ɗaya ya taɓa zuwa wurin, tare da mahaifinsa, yana yaro.

Wannan labari yana taimakawa wajen warware wani saɓani. Wasu riwayoyi sun ce mutum 9,000 ne ko fiye suka yi tafiyar, wasu suka ce tsakanin 500 da 800. Raƙumi mai tsananin ƙishirwa yana shan lita 100 ko sama da haka a zama ɗaya, a tumbi, ba a tozo ba, domin tozo kitse ne. Ko da an ce babu ɗigon da jikinsa ya tsotse, wanda ba zai yiwu ba, raƙuma huɗu lita 400 ke nan a yini. Doki kuwa yana bukatar lita 25 zuwa 40 a yini, fiye da haka in ana zafi. Ko an rage wa kowane doki rabonsa zuwa abin da zai riƙe rai kawai, ruwan ba zai wuce dawaki 'yan gomomi ba. Don haka ƙaramin adadin ya fi kama hankali: zaɓaɓɓun mutane ne marasa yawa, kuma abin da Sham ta samu daga tafiyar shi ne Khalid kansa da ɓullowarsa ta inda ba a zata ba. Ya bi ta Tadmur, ya faɗa wa Gassanawa, Larabawa Kiristoci masu biyayya ga Rum, a Marju Rahiɗ kusa da Dimashƙa suna bikin Ista, ya haɗu da sauran sarakunan yaƙi, Busra ta sallama, aka karya Rumawa a Ajnadaini cikin Yulin 634.

Yarmuk, a watan Agustan 636, ita ce ƙololuwa. A lokacin Abu Ubaida ne shugaba, amma ya bar wa Khalid tsara fagen. Matakin farko janyewa ne: da Hiraƙal, sarkin Rum, ya tara babbar runduna, Musulmi suka bar Himsa da Dimashƙa da suka riga suka ci, har aka mayar wa mutanen Himsa jiziyarsu tunda ba za a iya kare su ba, aka tattaru wuri ɗaya a kudu inda hamada ke bayansu. Riwayoyin Musulmi sun sa yawansu tsakanin 24,000 da 40,000 da ɗoriya. Na Rumawa ana kai shi 100,000 har 200,000, amma masu binciken zamani suna rage shi ƙwarai. Rumawa ƙarƙashin Bahan, ɗan Armeniya, sun yi sansani a fili mai faɗi, sai dai kwazazzabon Ruƙƙad na yamma da su, na Yarmuk na kudu, kuma mafitarsu ta kirki gada ɗaya ce. Khalid ya kasa rundunar ƙungiya-ƙungiya, tsakanin 36 da 40, kowace wajen mutum dubu. Abu Ubaida a tsakiya, Amru ɗan Asi da Shurahbil a dama, Yazidu ɗan Abu Sufyan a hagu. Ya ware zaɓaɓɓun barade ya riƙe a hannunsa a bayan sahu. Kwanaki ana abu ɗaya: Rumawa su ture wani gefe har sansani, mata su tare masu gudu da turakun tanti, Khalid ya zo da baradensa ya soki Rumawan ta haƙarƙari, sahu ya koma wurinsa.

A ranar ƙarshe ya tattara baraden gaba ɗaya ya kutsa tsakanin dawakin Rumawa da dakarunsu. Abin da ya yi daga nan shi ne gwanintar. Bai yi wa baraden Rumawa ƙofar rago ba, ya buɗe musu hanya suka tsere, domin mahayin da aka rutsa zai yi faɗan mutuwa, kuma ba su yake so ba. Dakaru suka rage ba mai kare musu gefe, an riga an kame gadar, aka tura su zuwa bakin kwazazzabai. Riwayoyin Musulmi sun ce wasunsu sun ɗaure juna da sarƙa don kada a gudu, sai ya zama in ɗaya ya faɗa ya ja sauran. Bayan wannan Hiraƙal ya bar Antakiya, Sham ba ta sake komawa hannun Rum yadda take ba. Adalci kuma shi ne a faɗi cewa Rum da Farisa sun fito ne daga yaƙin shekara 26 a tsakaninsu, daga 602 zuwa 628, baitulmalinsu ya ƙare, gidan sarautar Farisa kuma ya yi ta juyin mulki har aka naɗa Yazdajirdu yana matashi. Khalid ya sami ƙofa a buɗe rabi, amma wasu sun sami irinta ba su shiga ba: watanni kaɗan bayan barinsa Iraƙi aka karya Musulmi a yaƙin Gada, inda shugabansu ya haye kogi ya sa ruwa a bayan mutanensa, kuskuren da Khalid bai taɓa yi ba.

Batun saukewar kuwa, saurin yanke shawarar nan da ke ci masa yaƙi shi ne ke jawo masa magana. Tun zamanin Annabi, bayan buɗe Makka, an aike shi ga Banu Jazima. Mutanen ba su iya cewa mun musulunta ba, suka yi amfani da kalmar da ke nufin mun bar addininmu, ya sa aka kashe wasu daga cikin fursunoni. Abdullahi ɗan Umar ya ƙi kashe nasa. Da labari ya iso, Annabi ya ɗaga hannu ya ce ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya yi, har sau biyu, ya aiki Sayyidina Ali ya biya diyya. Bai sauke Khalid ba. A yaƙin ridda kuma aka kashe Malik ɗan Nuwaira a Buɗah alhali Abu Ƙatada ya shaida ya ji mutanensa sun yi kiran salla, sannan Khalid ya auri matar da ya bari. Umar ya nemi a hukunta shi. Abubakar ya ce tawili ya yi ya kuskure, ya biya diyya, ya ce ba zai mayar da takobin da Allah ya zare cikin kube ba.

Na biyu dukiya ce. Khalid yana raba ganima a fage yadda ya ga dama, kuma an ruwaito da aka rubuta masa kada ya ba da akuya ko raƙumi sai da izini, ya amsa cewa ko a bar shi da aikinsa ko a karɓi aikin. Abubakar ya iya zama da wannan, Umar kuwa mutum ne mai bin gwamnoninsa da lissafin dirhami ɗaya. A ganina nan ne asalin saɓanin yake: sarkin yaƙin da ke tafiyar wata guda daga Madina yana ganin in ya jira izini dama ta wuce, halifan da ke gina hukuma kuma yana ganin in kowane mai tuta ya zama mai baitulmalin kansa, gobe ba a san wa ke mulkin wa ba. Kowannensu na da hujja.

Saukewar hawa biyu ce. Da Umar ya hau a 634 ya karɓe shugabancin rundunonin Sham ya ba Abu Ubaida, Khalid ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa, har ya ci Ƙinnasrin ya zauna a can. Ta biyun a shekara ta 17 (638) ce, da labari ya kai Madina cewa ya ba Ash'asu ɗan Ƙaisu kyautar dirhami 10,000. Umar ya ce a tambaye shi a bainar jama'a: in daga ganimar Musulmi ne, ha'inci ne, in daga aljihunsa ne, almubazzaranci ne, kuma ko wanne ne a sauke shi. A Himsa Bilal ya cire masa hula ya ɗaure shi da rawaninsa, Khalid ya ce daga dukiyarsa ne, Bilal ya kwance shi ya naɗa masa rawanin da hannunsa. A Madina aka ƙiyasta dukiyarsa, abin da ya haura dirhami 60,000 ya zama 20,000, aka sa a baitulmali. Sannan Umar ya rubuta wa garuruwa cewa bai sauke Khalid don fushi ko ha'inci ba, sai don mutane sun fitinu da shi, yana tsoron a dogara gare shi, yana so su san Allah ne mai yi.

Mutumin da sojojin Sham ke ƙauna haka, da ya ce a'a da ya sami mabiya. Bai ce ba. Ya koma gefe, ya yi shekara huɗu ba tuta a hannunsa, a cikinsu annobar Amwas ta ɗauke Abu Ubaida da Yazidu da Shurahbil da 'ya'yansa masu yawa. Ya rasu a shekara ta 21 (642), a Himsa bisa riwayar da ta fi shahara, yana ƙorafin cewa babu taƙi ɗaya a jikinsa da ba tabon sara ko suka ko harbi, ga shi zai mutu a kan shimfiɗa kamar raƙumi. Sulkunansa da kayan yaƙinsa tun zamanin Annabi ya yi waƙafinsu. Duka-duka shekarun da ya yi yana yaƙi ƙarƙashin tutar Musulunci ba su kai goma ba, daga Mu'uta zuwa saukewarsa. 'Ya'yansa biyu da suka rayu sun tsaya a sahu biyu masu fuskantar juna a Siffin, Abdurrahman tare da Mu'awiya, Muhajir tare da Ali. Masallacin da ke kan kabarinsa a unguwar Khalidiyya ta Himsa, wanda Turkawan Usmaniyya suka sake ginawa a farkon ƙarni na 20, ya sha ruwan harsasai a yaƙin basasar Siriya cikin 2013.